Zawaciki da Ƙadangarun da Ba Su da Takarda

Duk wanda ke bin hanyar Fanshekara ya san Zawaciki ta sauya kama. Inda a da ido ke sauka a kan dawa da gero, yanzu katangu ne da manyan motoci, balle tun da aka buɗe tashar tsandauri ta Dala a Janairun 2023. Ni dai idan na ratsa wurin ƙasa nake kallo: ƙadangare a kan bulo, kulɓa na sulalewa cikin yayi, wani rami mai kama da na damo an cike shi da ɓaraguzai.

Abin da ke jawo hankalina gare su wata 'yar takarda ce. A gidan adana tarihin halittu na Landan, ƙadangaren da aka ajiye cikin kwalbar sinadari yana tare da bayanin inda aka kama shi, da ranar, da sunan wanda ya kama. Da irin waɗannan kwalabe Alice Grandison ta yi nazarin ƙadangarun Nijeriya a 1968, har ta fitar da wani jinsi da a da ake haɗa shi da ƙadangaren gida, ta kira shi Agama paragama. Wanda ta kafa hujja da shi a bayan ganuwar Zariya aka samo shi. Ko da gidaje sun cinye filin, takardar na nan tana ba da shaida.

Mu kuwa fa? Kano ta daɗe tana jeme fatun damo da guza da mesa tana aikawa Turai, kuma masana'antun jima na Challawa, nan kusa da Zawaciki, da na Sharaɗa da Bompai magada ne ga wannan tsohuwar sana'a ta fata. Sai dai ɗan kasuwa faɗin fata yake aunawa, ba ruwansa da dajin da ta fito. Ban ga laifinsa ba. Ba aikinsa ba ne. Namu ne, mu na jami'a.

Mai ganin wannan wasan yara ne, ya dubi kububuwa. Sai a 1970 aka fara bambanta tamu ta Afirka ta Yamma da 'yar uwarta ta Indiya, ta hanyar ƙirga ɓawon jiki da kwatanta zanen waɗanda ke ajiye. Bambancin ba na suna kawai ba ne: maganin dafin da aka haɗa don ta Indiya ba ya yi wa manomin da tamu ta sara aikin kirki, kuma an yi asarar rayuka a kan haka.

Tsakanin Zawaciki da kogin Challawa har yanzu akwai sauran gonaki da kwazazzabai da ba a kewaye ba. Ɗalibi biyu da kwalabe da littafin rubutu sun isa su fara, in dai sun fita kafin masu awon filaye su riga su.