Mai rami ba ya tambayar takarda sai ranar biya

A 2014, da labarin zinarin Djado ya iso Agadas, ajina ya fara raguwa. Cikin waɗanda suka tafi akwai wani yaro mai kaifin lissafi, ko shekara goma sha shida bai cika ba. Ya bi mota ta Dirku zuwa Cirfa, ko takardar haihuwa babu a aljihunsa.

Bayan wata takwas ya dawo a rame, ya same ni a ƙofar gida bayan la'asar. Ya ce, "Malam, ni na tsira. Abokina ne ya tsaya mini a rai."

Abokin nan ɗan Cadi ne. Tare suke shiga rami, tare suke shan ruwan jarka da ake rubuta musu bashi. Ranar da mai ramin ya ɗauke su aiki, bai tambayi kowa katin ɗan ƙasa ba. Sai ranar rabo ya tuna cewa yaron baƙo ne, ya ce in ya ƙara maganar kuɗi zai haɗa shi da jandarma. Haka ya tafi hannu rabbana.

A nan na gane cewa rashin takarda riba ce ga mai ɗaukar aiki. Wanda ke tsoron hukuma ba ya kai ƙara, ba ya neman kuɗin magani in rami ya rufta. Da gwamnati ta rufe Djado a 2017, lebura ne ya kwashi tsummansa ya yi gaba. Mai mota, mai injin neman zinari da mai sayen zinarin kuwa, jarinsu na hannunsu.

Ni a ganina, duk wanda ya sa mutum aiki, kamfani ne ko attajiri, shi ya kamata a fara tambaya: wa ka ɗauka, shekarunsa nawa, nawa ka biya shi? Haƙƙin gumi ba ya jiran hatimi.

Iyaye, mu ma da namu. A yi wa yaro takardar haihuwa tun yana goye. Malamai 'yan uwana, mu koya musu cewa kafin su karɓi diga, su san sunan ubangidan, a kuma yi ciniki gaban shaidu. Ɗanka da ke ɗan ƙasa a nan, baƙo ne a Libiya ko Aljeriya. Allah Ya tsare mana su.