Ƙauyen da Ruwa ke Gudu a Ƙarƙashinsa

Ranar da na gaya wa Inna cewa na sami ɗaki a wani ƙauye kusa da jami'ar da zan yi karatu a Ingila, ba ta tambaye ni nisa ba, ba ta tambaye ni sanyi ba. Shiru ta yi, sannan ta ce, "To, suna da ruwa?" Ita da ta yi shekara arba'in tana jan guga a rijiyoyin ƙasar Gumel, da ruwa take auna kowane gari. Na ce, "Inna, sai na je na gani." Ta ce Allah ya sa a dace.

A watan Satumba na 2006 na sauka a Cottingham, azumi ya kama ke nan. Garin yana gabashin Yorkshire, kimanin mil huɗu arewa maso yamma da tsakiyar birnin Hull. Jirgin ƙasa daga Hull ba ya kai minti goma yake ajiye mutum a ƙaramar tasharsa, wadda aka buɗe tun 1846 a kan layin da ya nufi Beverley da Bridlington. Na fito da akwatina ina duba bukkoki da garken tumaki, sai na ga tituna da fitilu da bankuna da kantuna. Ƙidayar 2011 ta sami mutum 17,164 a wurin. A ƙasarmu gari mai wannan yawa yana da hakimi da tashar mota, amma mutanen Cottingham ba su yarda a kira shi birni ba, ba su kuma yarda a ce unguwa ce ta Hull ba. Ƙauye suke cewa, har suna cikin masu iƙirarin cewa nasu ne ƙauye mafi girma a Ingila. Da farko na ɗauka magana ce kawai. Sai da na zauna na gane da gaske suke, kuma suna da hujja.

Gidan wata dattijuwa na sauka, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watse. Mama nake ce mata, ta kuma karɓi sunan tun ranar farko. Da ta ga ba na cin komai da rana, ta tambayi dalili, na yi mata bayani. Washegari na tarar ta rubuta lokacin faɗuwar rana na mako guda a takarda ta manna a jikin firij, kuma kullum kafin lokacin ya cika butar shayi tana kan wuta. Ban roƙe ta ba. Har yau in na ji ƙamshin burodin da aka gasa da man shanu, ɗakin girkinta nake gani, da tagar da ke kallon ɗan lambunta na baya.

A wannan ɗakin girkin na fara samun amsar tambayar Inna. Cikin butar shayin akwai wani farin abu da ya daskare kamar kanwa. Mama ta ce ai ruwan garin ne, daga cikin dutsen alli yake fitowa. Yamma da Cottingham ƙasa tana ɗagawa a hankali zuwa tuddan da ake kira Wolds, waɗanda cikinsu alli ne. Ruwan sama yana nutsewa cikin allin, ya bi ƙarƙashin ƙasa ya gangaro gabas, inda ya ci karo da laka mai hana shi wucewa, sai ya ɓullo. A daidai wannan gaɓa, tsakanin tudu da fadamar kogin Hull, aka kafa garin. Akwai wurin da ake kira Keldgate, sunan da ya samo asali daga kalmar mutanen Arewacin Turai na dā mai nufin idon ruwa. Shi kansa sunan Cottingham yana nufin mazaunin mutanen wani mai suna Cotta. Littafin Domesday, wanda Sarki William ya sa aka ƙididdige dukiyar Ingila a cikinsa a 1086, ya ambaci garin da injin niƙansa da wuraren kamun kifinsa.

Hull kuwa, duk da tana bakin manyan koguna biyu, ba ta da ruwan sha mai daɗi, domin ruwan teku yana shigowa kogunan ya bar su da gishiri. Dole ta miƙo hannu yamma, wajen idanun ruwan Cottingham da Anlaby da maƙwabtansu. A ƙarshen ƙarni na 14 abin ya kai ga rigima: mutanen ƙauyuka suna toshe magudanar da aka haƙa ko su ɓata ruwan, mutanen birni suna kai ƙara. Da na karanta wannan a ɗakin karatun garin sai da na ajiye littafin. Na san wannan faɗa. Na ga manoma da makiyaya sun tsaya cirko-cirko a bakin tafki ɗaya a ƙarshen rani, kowa da gaskiyarsa. Ban taɓa zaton ƙasar da ruwan sama ba ya yanke mata ta taɓa sanin irin wannan ba. A ƙarshen ƙarni na 19 birnin ya kafa tashar tunkuɗo ruwa a Cottingham, ya riƙa zuƙowa daga ƙarƙashin ƙasa, idanun ruwa da yawa suka ja baya. Mama ta ce kakarta tana ba ta labarin ƙoramu a wuraren da yanzu kwalta ce.

Tsakiyar garin tituna biyu ne suka gicciye juna, Hallgate da King Street. Nan mahauci yake, da mai burodi, da gidan waya, da kantin magani. A gefe cocin St Mary take, ginin dutse na ƙarni na 14 mai doguwar hasumiya, wadda nake saita hanya da ita in na ɓace a makonnina na farko. Ranar Alhamis kasuwa ke ci a filin Market Green. Ƙarama ce, ba ta kai kusurwa ɗaya ta kasuwar Maigatari ba, amma kasuwa ce ta gaske: mai kifi yana kiran ciniki, tsofaffi suna tsayawa gaisuwa har su manta abin da ya kawo su. A mako na huɗu mai kayan miya ya fara ajiye mini barkono mai zafi ba tare da na ce ba. A nan na yarda cewa ƙauye ne. Ba ƙanƙanta ke sa wuri ya zama ƙauye a wurinsu ba. A san fuskarka, a lura in ba ka zo ba.

Akwatunan tarho na bakin titi ma ba ja ba ne kamar na sauran Ingila, launin madara ne, saboda yankin Hull yana da nasa kamfanin tarho tun farkon ƙarni na 20. A cikin ɗaya daga cikinsu nake tsayawa da katin kira ranar Lahadi, a kai wa Inna waya daga gidan maƙwabta.

Tarihin manya kuma yana nan, ko da yake sai an nuna maka. Kusa da Northgate akwai tudu da alamar rami kewaye da shi, ragowar Baynard Castle, gidan masu garin, wanda Sarki John ya ba William de Stuteville izinin yi masa ganuwa a 1201. Daga baya attajiran Hull, masu jiragen ruwa da bankuna, suka gaji da hayaƙi da cunkoson birni suka zo suka gina manyan gidaje da lambuna. Da jami'ar Hull ta kafu ta sayi wasu daga cikin gidajen ta mai da su makwancin ɗalibai, irin su Thwaite Hall da Needler Hall, sannan a shekarun 1960 ta gina The Lawns. A can abokaina suke, 'yan Kano da Zariya da Ilori, da wani ɗan Sudan da muke jam'i a ɗakinsa. Babbar Sallar shekarar ta faɗo a ƙarshen Disamba, rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu. Muka je masallacin Pearson Park a Hull da safe, muka dawo muka dafa shinkafa da naman rago, da dare muka fito Hallgate cikin manyan riguna a ƙarƙashin kwat. Fitilun Kirsimeti da 'yan sa-kai na garin suke ɗaurawa kowace shekara suna nan ba a sauke ba, titin ya haske tun daga wannan kai har wancan. Wani tsoho ya tsayar da mu ya tambayi bikin me muke, da muka gaya masa ya cire safar hannu ya gaisa da mu ɗaya bayan ɗaya.

Philip Larkin, mawaƙin da ya shugabanci ɗakin karatun jami'ar daga 1955 har rasuwarsa a 1985, a maƙabartar Eppleworth Road aka binne shi. Kabarinsa ƙaramin farin dutse ne cikin sahun sauran. Na shafe shekara biyu ina karatu a ginin da ya raina, saboda haka na je sau ɗaya na tsaya.

Sai ranar 25 ga Yuni, 2007. Ruwa ya kwana yana zuba, ya wuni yana zuba, a kan ƙasar da ta riga ta ƙoshi. Tuddan yamma suka juyo abin da suka kasa shanyewa, magudanu suka cika, tituna suka koma ƙoramu. Dubban gidaje a Hull da kewaye ruwa ya shiga. Namu ya tsaya a bakin dokin ƙofa, amma na ƙasa da mu ba su tsira ba. Na naɗe wando na shiga cikin matasan layin muna ɗaga kujeru da darduma zuwa bene, muna fito da tsofaffi. Mama ta buɗe ƙofarta, butar nan mai farin alli ba ta huta ba har dare. Ta tsaya a taga tana kallon ruwan da ke bin titi, ta ce tsohuwar hanyarsa ya tuna. Wasu iyalai sun yi watanni suna kwana a motocin ɗaki a ƙofar gidajensu kafin a gama gyara. Bayan shekaru aka haƙa manyan tafkunan tare ruwa a yammacin garin.

Daren na kira gida. Na ce, "Inna, kin tambaye ni ko suna da ruwa." Na ba ta labari tun daga allin har ambaliyar. Ta yi salati, ta ce in gai da dattijuwar, in ce mata Allah ya kiyaye gaba. A lokacin su a gida ko shuka ba a gama ba, ana ta duban gabas.

Na bar garin a 2008. Na ji an rushe wani ɓangare na Needler Hall an gina kantin Aldi a wurin, an rufe The Lawns a 2019, ɗalibai sun koma kusa da jami'a. Ina tunanin Hallgate ba hayaniyar matasa, da motar safe ba masu jakar littattafai. Mama ta rasu shekaru kaɗan bayan tafiyata, 'yarta ce ta rubuto mini. Inna ma ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙanta.

Safiyar da zan tafi na bi Snuff Mill Lane a ƙafa, siririyar hanyar da nake bi in zan taka zuwa jami'a, bishiyoyi sun rufe ta ta sama. An yi yayyafi da asuba. Ruwa yana tafiya a hankali cikin kwatar da ke gefen hanyar, garau har ana ganin tsakuwar ƙasa. Na tsuguna na sa hannu, sanyinsa ya kama ni har gwiwar hannu. Daga nesa na ji ƙararrawar shingen jirgi a Thwaite Street, na miƙe na koma ɗaukar akwatina.