Jirgin Majigi da Jirgin Gaske

Muna yara mun sha kallon Star Wars, majigin Amurka na 1977. In jirgin magabta ya fashe, sai tafi da sowa. Yau ma yaran ajinmu haka suke yi.

George Lucas, mai majigin, ya kwaikwayi faɗan nan daga hotunan jiragen Yaƙin Duniya na Biyu, inda matuƙa na gaske suka ƙone. A 2017 kuma jirgin soja ya jefa bom bisa kuskure kan 'yan gudun hijira a Rann, Jihar Borno, mata da yara suka hallaka.

Iyaye, kada mu hana yara kallo. Amma mu zauna tare da su, mu tuna musu akwai mutane ƙarƙashin kowane jirgi.