Yadda Na Ɓace A Birnin Delhi

A dogon hutun watan Agusta 2024 Baffana, wanda yake zuwa Indiya sayo yadi, ya cika alkawarin da ya yi mini cewa in na ci jarrabawar aji huɗu zai tafi da ni. Muka tashi daga Legas, muka sauya jirgi a Addis Ababa, washegari muka sauka Delhi ana tsuga ruwa, don su ma daminarsu ke nan.

Kafin in tafi abokaina na ɗakin kwana sun ba ni saƙon gaisuwa ga 'yan wasan fim har mutum shida. Ashe masu fim ɗin suna Mumbai, tafiyar fiye da kilomita 1,000. Ban ga ko ɗaya ba, ban kuma ga ana rawa a kan titi ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne hasumiyar Kutub Minar, wadda aka fara ginawa wajen shekarar 1199. Tsawonta kusan mita 73 ne. Na so in hau, aka ce an hana tun 1981, lokacin da mutane suka mutu a turmutsitsi cikin matakalarta. Kusa da ita akwai wani ginshiƙin ƙarfe da ya kai shekara 1,600 a tsaye, ruwa da rana suna dukansa, amma bai yi tsatsa ba. Ƙofar ɗakinmu kuwa shekararta biyar, ta riga ta cinye. Jar Ganuwa ta Sarki Shah Jahan daga waje kawai muka gan ta, sun rufe suna shirin bikin 'yancin kai na 15 ga Agusta.

Ran Juma'a muka shiga kasuwar Chandni Chowk. Kurmi ba ta kama ƙafarta ba wajen cunkoso. Na tsaya kallon mai suyar jalebi, wani abu mai kama da alkaki, ina waiwayowa babu Baffa. Ba ni da waya, ba ni da ko sisi, fasfona yana aljihunsa, sunan masaukinmu ma ya ɓace mini. Na bi lungu na fita lungu, mutane sai kallona suke yi, wasu yara na nuna ni suna dariya. Indiyancin da nake taƙama da shi a makaranta duk na soyayya ne, ba ya tambayar hanya. Ba zan ɓoye muku ba, na yi hawaye.

Can na ji kiran salla, na tuna Baffa ya ce a Jama Masjid za mu yi Juma'a. Na tari wani tsoho mai farar hula na yi masa sallama, na ce, "Masjid." Ya amsa, ya kama hannuna bai ƙara cewa komai ba, har gindin matakalar masallacin, wanda aka gama a 1656, farfajiyarsa kuma tana ɗaukar mutum wajen 25,000. Ƙofofinsa uku ne, ban san wadda zan tsaya ba. Tsohon ya zaunar da ni wajen tafkin alwala na tsakiya, don kowa sai ya biyo ta nan.

A nan Baffa ya same ni, hularsa a hannu, gumi ya jiƙa masa riga. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Sai ya ce, "Tashi ka yi alwala, za a tayar." Muka juya mu yi wa tsohon godiya, ya riga ya shige cikin sahu.