Biyekes, Tsibirin da Aka Koyi Yaƙi a Kansa

Daga garin Seba, a gabashin Puwato Riko, muka shiga jirgin ruwa zuwa Biyekes. Tafiyar ba ta kai awa guda ba. Tsibiri ne siriri a Tekun Karibiyan, ƙarƙashin mulkin Amurka, tsawonsa mil 21, mutanensa kuwa ba su kai 10,000 ba. Abin da ya fara tarye mu dawaki ne, suna yawo a kan hanya kamar awakin unguwa. Can gaba muka tarar da wani tsohon rimi, irin namu sak, an ce ya haura shekara 300.

Amma ba rimi ya kai mu ba. Tun daga 1941 sojojin ruwa na Amurka suka karɓi wajen kashi biyu cikin uku na ƙasar tsibirin. Yamma ta zama rumbun makamai, gabas ta zama filin koyon harbi, aka matse mutane a tsakiya. Jiragen yaƙi su tsaya a teku su yi ta harbin tudu, na sama su zubo bama-bamai. Wanda ya kuskure ya faɗa cikin ruwa.

Masunta ne suka fara kuka. Manyan jirage suna tsinke igiyoyin tarkon kifinsu, duwatsun murjani inda kifi ke ƙwai suna farfashewa, ga kuma ranakun da ake hana su fita. A 1978 suka ja ƙananan jiragensu suka tsaya a gaban jiragen yaƙi. A shekarar nan kuma gwamnan Puwato Riko ya kai ƙara.

To, masu karatu, ga inda zancen yake. Tun 1970 Amurka tana da doka cewa kafin hukuma ta yi babban aikin da zai taɓa ƙasa ko ruwa, sai ta bincika ta rubuta irin ɓarnar da zai jawo, jama'a su gani. A 1979 alƙali ya tarar sojojin ba su rubuta ba, ba su kuma da izinin zuba makamai cikin ruwa. Ya ce su je su yi. Amma ya ƙi tsai da harbin, a 1982 kuwa babbar kotun ƙasar ta goyi bayansa. Watau ana auna ciwo, mai dūka kuma bai ajiye sanda ba. Mu malaman makaranta mun san abin da kan fito in aka ba yaro takardar jarrabawarsa ya duba da kansa, gama su masu harbin ne suka shirya rahoton.

Haka aka ci gaba har ran 19 ga Afrilu 1999, sa'ad da bama-bamai biyu suka kuskure suka kashe wani mai gadi ɗan tsibirin, David Sanes. Mutane suka shiga filin harbin suka kafa bukkoki, har da ɗan ɗakin sujada inda Katolika da sauran ikkilisiyoyi suke addu'a tare. Sai da suka shekara kafin a fitar da su. A shekarar 1999 ɗin ne sojojin suka amsa cewa sun harba harsasai 263 masu yuraniyam a wurin. Ran 1 ga Mayu 2003 suka bar filin.

Bincike bai ƙare da tafiyarsu ba. Ma'aikatar lafiya ta Puwato Riko ta ga ciwon daji a Biyekes ya fi na babban tsibirin da wajen kashi 27 cikin 100 tsakanin 1985 da 1989. Wata hukumar gwamnatin tarayya ta ce a 2003 ba ta ga haɗari a cin kifin wurin ba, a 2009 kuma ta ce za ta sāke dubawa. Uwar gida da kifi a kasko, wanne za ta bi? A 2005 aka sa wurin cikin jerin wuraren da suka fi ƙazanta a Amurka, aka fara tsince makaman da ba su fashe ba. Na tudu da sauƙin gani. Na ƙarƙashin ruwa sai masu nutso, murjani ma ya riga ya tsiro a kan waɗansu. A can ne kuma tsohon jirgin yaƙi Killen yake kwance, wanda aka yi gwajin bam na nukiliya kusa da shi a Tekun Fasifik a 1958.

Yawancin filin ya zama gandun namun daji. Muka bi hanyar gabas, muka yi wanka a wani gaɓa mai farin rairayi, ruwa garau har kana ganin yatsunka. Da muka ƙara gaba sai ga ƙofa a kulle da allo mai hoton bam: in ka ga baƙon ƙarfe, kada ka taɓa, ka koma ta inda ka fito, ka kai rahoto. Nan direbanmu ya juya mota.