Baƙon Fadama da Launin Kansa

Duk wanda ya taɓa bin shanu a fadamun ƙasar Hausa lokacin rani ya san ɗan tsuntsun nan mai rawayan ciki, wanda ba ya rabo da kaɗa wutsiya, yana bin sawun dabbobi yana tsintar ƙwarin da suka tayar. A shekarar 1758 masanin nan Linnaeus ya raɗa masa suna Motacilla flava. Baƙo ne, domin a Turai yake ƙyanƙyasa, sai wajen watan Satumba ko Oktoba ya ƙetaro Sahara, ya kuma koma a Maris ko Afrilu.

Abin sha'awa a nan shi ne, in lokacin komawa ya gabato, mazan sukan sake gashi, sa'an nan kowa ya bayyana asalinsa a kansa. Na Ingila kansa rawaya ne. Na tsakiyar Turai kansa shuɗi-shuɗi ne, da farar gira. Na arewacin Turai, wato su Suwidin, kansa toka-toka ne mai duhu, galibi ba gira. Na Girka da Turkiyya kuwa kansa baƙi ne ƙirin. Matan dai kusan kamarsu ɗaya, ko gwani sai ya yi da gaske kafin ya rarrabe su.

To, duk da wannan bambanci, masana sun ɗauke su jinsi ɗaya, saboda inda iyakokinsu suka haɗu sukan auri juna. Alal misali, a arewacin Faransa na Ingila da na tsakiyar Turai suna haifar 'ya'ya masu launin kai tsaka-tsaki. Amma na gabashin Asiya, waɗanda wasunsu ido bai cika raba su da na Turai ba, binciken ƙwayoyin gado ya sa an ware su a matsayin jinsi dabam.

Ɗalibin harshe bai kamata ya wuce wannan ba. Basakkwace da Bakano kowa da karinsa, a kan iyaka kuma karin yakan cakuɗe, harshen kuwa ɗaya ne. Mai neman shata iyaka tsakanin kari da harshe, in ya dogara da abin da kunne ya fara ji kaɗai, yana iya raba 'yan'uwa, ya kuma haɗa waɗanda suka daɗe da rabuwa.