Wa Ke Lissafin Arzikin da Ke Ƙarƙashin Ƙasarmu?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka sam mini ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana malamai da akawuna game da duwatsun da ake haƙowa a ƙasarmu ta Zamfara.

Dattawanmu ba su manta da ɗiban gwamna ba. A cikin 1942 Japan ta gama ƙwace ƙasar Malaya, inda Ingila ke samun kuza mai yawa. Nan da nan aka juyo kan Jos, aka shiga ɗibar mutane daga lardunan Arewa ana kai su haƙar kuza a kan tilas, har 1944. Da yawa sanyi da ciwo suka kashe su can. To, jama'a, ku duba, yaƙin da aka yi a ƙasar da talakanmu bai taɓa jin sunanta ba, shi ya raba shi da gonarsa.

Yau ma ba ta sake zane ba. Batirin waya, da na mota mai aiki da lantarki, da kayan jirgin yaƙi, duk ba su ƙeruwa sai da waɗansu ma'adinai ƙalilan. Fiye da rabin kobal na duniya daga Kwango yake fitowa, amma yawancinsa a ƙasar Sin ake tace shi, mai matata kuwa shi ke riƙe da linzami. A 2023 Sin ta ce ba mai fitar da galiyom da jamaniyom daga ƙasarta sai da izini, hankalin Amurka da Turai ya tashi. Maƙwabtanmu na Nijar kuma a 2025 suka karɓe kamfanin yuraniyom na Arlit daga hannun Faransawa. Kowa yana ƙirga nasa kamar yadda maigida ke ƙirga damman da ke rumbu.

Mu fa? Tamu zinariya ce, a Anka da Bukkuyum da Maru da dazukan Maradun. Yaro ya shiga rami da fitila ɗaure a goshi, dillali ya saya a bakin rami da araha, ta bi hannu-hannu har ta ƙetare iyaka, ba ta shiga littafin kowa ba. Abin da ta bar mana kowa ya sani. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙasar Anka da Bukkuyum, don a cikin gidaje ake daka dutsen, ƙurarsa na sauka inda yara ke rarrafe. Sai kuma bindiga. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙa a Zamfara a watan Afrilu 2019, ta hana jiragen sama shawagi a 2021, ta ɗage dokar haƙar a watan Disamba 2024. A ganina, hanin ya kori mai tsoron doka ne, ya bar wa mai makami ramin.

Abin mamaki, manomin shinkafa na Bakura ko Talata Mafara da ke ban ruwa daga madatsar Bakolori ya san buhu nawa ya samu bana, har ya fid da zakka. Ashe shinkafa ta fi zinariya gata?

Tun da dokar 2007 ta ce ma'adinai na Gwamnatin Tarayya ne, ina roƙon ta kafa wurin awo kusa da kowane rami, da akawu mai rubuta nauyi da sunan mai saye, hakimi da dagaci suna shaida. A riƙa tacewa a nan jihar, nesa da gidaje. A kuma hana wanke dutse a bakin kogin da ya biyo ta Gusau ya cika Bakolori, don ruwan nan ne muke zuba wa abin da muke ci.

Wassalam.

Naka,
Wani Malamin Makaranta, Talata Mafara.